Abafroditus, Manzon da Ya Yi Kasai da Ransa

Karatu: Filibiyawa 2:25-30 da 4:10-20.
Ayar haddacewa: 2 Korintiyawa 12:9.

GABATARWA

A cikin dukan Sabon Alkawari sau biyu kaɗai aka ambaci sunan Abafroditus, duka biyun kuwa a cikin wasiƙar Bulus zuwa ga Filibiyawa. Ba mu da wa'azinsa ko ɗaya a rubuce, ba a kuwa ce ya kafa ikkilisiya ko ya yi wata al'ajibi ba. Abin da ya yi shi ne, ya ɗauki saƙo, ya yi doguwar tafiya, ciwo ya kama shi har ya kai bakin mutuwa, duk da haka ya sadar da abin da aka ba shi amana. Saboda wannan ne Manzo Bulus ya umarci ikkilisiya ta girmama shi, da dukan masu hali irin nasa.

Darasin nan ya shafe mu ƙwarai, ya ku 'yan'uwa. Da wuya a sami ikkilisiyar da ba ta da mai bishara wanda ya tafi ƙauye mai nisa ya komo da ciwo, ko wata uwa da ta daɗe a kwance har mutane suka soma gajiya da gaishe ta. Waɗansu su kan ce a ransu, da Allah ne ya aike shi, da ciwo bai same shi ba. Majiyyacin kansa ya kan yi wannan tunani da dare, sa'ad da barci ya ƙi zuwa. Bari mu duba abin da Maganar Allah ta koya mana a kan wannan.

1. WAƊANDA SUKA AIKE SHI

Filibi birni ne na ƙasar Makidoniya, a arewacin ƙasar Girka ta yau. Ya sami sunansa daga Sarki Filibus, uban Iskandari Mai Girma. A zamanin manzanni mazaunin Romawa ne, an zaunar da tsofaffin sojoji a ciki, mutanensa kuwa suna fahariya da 'yancinsu na Roma. Bulus da Sila suka iso can wajen shekara ta 50 bayan haihuwar Kristi. A Ayyukan Manzanni sura 16 mun karanta labarin Lidiya mai sayar da tufafin shunayya, da baiwar da aka fitar wa aljani, da yarin kurkuku wanda ya ba da gaskiya da tsakar dare, shi da iyalinsa. Daga irin waɗannan mutane ne ikkilisiyar ta tashi.

Ba mawadata ba ne. Bulus ya shaida wa Korintiyawa cewa ikkilisiyoyin Makidoniya suna cikin matsanancin talauci, amma hannunsu a sake ya ke (2 Korintiyawa 8:1-4). Tun yana Tasalonika Filibiyawa suka aika masa da gudummawa fiye da sau ɗaya, a lokacin da babu wata ikkilisiya da ta yi haka.

Bayan shekara wajen 10 labari ya iske su cewa Bulus yana ɗaure. Tun zamanin dā ikkilisiya ta ɗauka a Roma ne ya rubuta wasiƙar, tsakanin shekara ta 60 da ta 62, gama ya ambaci sojojin fada da mutanen gidan Kaisar. Waɗansu masana sun fi karkata ga Afisa ko Kaisariya. In haka ne tsawon hanyar ya sake, amma koyarwar tana nan yadda ta ke. Mu dai za mu bi ra'ayin magabata.

A Roma an bar Bulus ya zauna a gidan haya, da soja mai tsaronsa (Ayyukan Manzanni 28:16, 30). Hukuma ba ta ɗauki nauyin cinsa da kuɗin hayarsa ba. Ɗaurarre a wancan zamani yana dogara ne ga danginsa da abokansa, in ba shi da su kuwa sai yunwa. Saboda haka Filibiyawa suka tara abin da su ke iyawa. Amma tarawa ba ta isa ba, sai an sami mai kaiwa. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa ta ke. Ƙafar da ikkilisiyar Filibi ta samu ita ce ta Abafroditus.

Sunansa ya samo asali daga sunan Afrodita, wata gunkiyar Helenawa, abin da ya nuna a gidan masu bautar gumaka aka haife shi. Bulus kuwa Bayahude ne, Bafarisiye tun yana saurayi. Duk da haka sunan farko da ya kira shi da shi, shi ne ɗan'uwa.

2. HANYAR DA YA BI

Mu da mu ke shiga mota mu yi tafiyar kwana 10 a yini ɗaya, mu kan karanta ayoyin nan da sauri, kamar an aiki yaro kasuwa. Ya kamata mu tsaya mu auna hanyar.

Matafiyi daga Filibi zuwa Roma ya kan bi babbar hanyar Romawa da a ke kira Hanyar Ignatiya, wadda aka shimfiɗa da duwatsu a ƙarni na 2 kafin haihuwar Kristi. Zai fuskanci yamma, ya ratsa Amfibolis da Aboloniya, ya kai Tasalonika bayan mil wajen 100. Waɗannan zangunan ne Bulus da Sila suka bi da raunukan bulala a bayansu (Ayyukan Manzanni 17:1). Daga Tasalonika hanyar ta kan hau manyan duwatsu, ta bi gefen tafkuna, inda sanyi ya ke da tsanani, kana ta gangara zuwa Dirakiyum a bakin Tekun Adriya. Garin nan yana ƙasar Albaniya, yau a na ce da shi Dures. Daga Filibi zuwa nan ya fi mil 300.

A Dirakiyum sai ya nemi jirgin ruwa ya haye zuwa Birindisi a ƙasar Italiya. Jirgin filafilai ne, iska ce ta ke tura shi, in iska ta ƙi sai a zauna a jira. Daga watan Nuwamba zuwa Maris kuwa ba a cika shiga teku ba saboda hadari. Da ya sauka a Birindisi sai ya kama Hanyar Abiyus, wadda aka soma ginawa a shekara ta 312 kafin haihuwar Kristi, ya sake yin fiye da mil 300 kafin ya ga ganuwar Roma.

In an haɗa, tafiyar ƙasa ta kai mil wajen 700, watau kilomita 1,100 da ɗoriya, ban da ta teku. Wannan ya yi kusan daidai da tsawon hanyar jirgin ƙasa daga Ikko zuwa Kano. Mai tafiya da ƙafa, in yana da lafiya, ya kan yi mil 15 zuwa 20 a yini. Ashe ke nan tafiya ce ta kwana wajen 40, kullum a tashi da asuba a ɗaura takalmi a bisa faso da bororon jiya.

Akwai kuma wani nauyi. A wancan zamani babu takardar kuɗi, kuɗi tsaba ne na ƙarfe, a jiki a ke ɗaure shi. Kakannin Hausawa da suka yi fataucin goro zuwa Gwanja sun san abin da wannan ke nufi: madugu ba ya barci sosai a zango, gama ya san idon mafasa yana kan ayari. Bulus da kansa ya lissafta hatsarin koguna da na 'yan fashi a cikin wahalolin tafiyarsa (2 Korintiyawa 11:26). Masaukan bakin hanya kuwa sun yi suna wajen ƙazanta da sata. Abin da ke ɗaure a ƙugun Abafroditus gumin talakawa ne, har da na gwauraye. Ya kuwa kai shi cif, gama Bulus ya rubuta cewa ya karɓi kome, har ya kira kyautar hadaya mai daɗin ƙanshi a gaban Allah (4:18).

3. CIWON DA YA SAME SHI

Littafi bai faɗi sunan ciwon ba, amma ya faɗi tsananinsa har sau biyu, a aya ta 27 da ta 30: saura kaɗan ya mutu. Hanyar da ya bi cike ta ke da sanadin ciwo. Kafin a kai Roma, Hanyar Abiyus tana ratsa wata babbar fadama a wajen Kasuwar Abiyus, inda 'yan'uwa suka fito taryen Bulus, mil wajen 40 daga birnin. Fadamar nan matattarar sauro ce, ta yi suna da masassara tun zamanin dā, ba a kuwa ƙafar da ita sarai ba sai a shekarun 1930. Mutanen dā sun zaci mugun tururin fadama ne ke kawo zazzaɓi. Sai a shekara ta 1897 wani likita, Ronald Ross, ya gano ƙwayar cutar a cikin sauro. Ga kuma ruwan sha marar tsabta mai kawo atuni da gudawa, ga gajiyar da ta ke karya ƙarfin jiki.

Ciwon ya daɗe. Mun gane haka domin labari ya kai Filibi cewa ba shi da lafiya, shi kuma ya san sun ji. A hanya mai tsawo irin wannan, kafin labari ya kai sai an yi makonni.

Sai mu lura da abu uku.

Na fari, a cikin aikin Kristi ne ciwon ya same shi. Aya ta 30 ta faɗi haka sarai. Ba gudun aiki ya ke yi kamar Yunana ba, ba a kuwa zarge shi da wani zunubi ba. Yana tsakiyar nufin Allah, masassara ta kayar da shi. Wanda ya ce kowane ciwo hukunci ne, ya koma ga kuskuren abokan Ayuba, da na almajiran da suka tambayi Ubangiji ko laifin wane ne ya sa aka haifi mutum makaho (Yohanna 9:1-3).

Na biyu, abin da ya fi damunsa ba zafin jikinsa ba ne. Aya ta 26 ta ce ransa ya ɓaci domin mutanensa sun ji yana ciwo. Kalmar Helenanci da Bulus ya mora a nan, sau uku kaɗai ta fito a Sabon Alkawari, sauran biyun kuwa a kan baƙin cikin Ubangijinmu ne a Getsamani (Matiyu 26:37, Markus 14:33). Yawancinmu mu kan ji haushi in muna kwance ba a ji labari ba. Shi kuwa damuwarsa ita ce hankalin waɗansu ya tashi saboda shi.

Na uku, Bulus ya ce ya yi kasai da ransa. Kalmar da ke cikin Helenanci ta 'yan caca ce, ma'anarta mutum ya zuba dukan abin da ya mallaka a jefa ɗaya. Masu juya Littafi zuwa waɗansu harsuna su kan sha wuyar kalmar nan, domin kada a zaci a na yabon ganganci. Ɗan caca yana zuba dukiyarsa bisa ga sa'a, domin ya ci ta wani. Abafroditus ya sa ransa a hannun Ubangijin da ya sani, domin biyan bukatar wani. A sura ɗayan nan, aya ta 8, an ce Kristi ya yi biyayya har ga mutuwa. Kalmomin nan na Helenanci ne Bulus ya sake morewa a aya ta 30 a kan manzon Filibiyawa. Watau yana ce musu, halin Kristi da na gargaɗe ku a kai, ga shi kun gani a jikin ɗan garinku.

4. BULUS MA YA SAN WANNAN HANYA

Mai rubuta wasiƙar ba baƙon ciwo ba ne, ba kuwa baƙon tafiyar ƙafa ba. Ya tuna wa Galatiyawa cewa rashin lafiya ne ya zama sanadin wa'azinsa na fari a wurinsu, yanayin jikinsa kuma abin gwaji ne a gare su, amma ba su rena shi ba (Galatiyawa 4:13-15). Wani masani, William Ramsay, wanda ya yi shekaru yana bin sawun Bulus a ƙasar Turkiyya, ya kawo ra'ayi cewa zazzaɓi ne ya kama shi a kwarin Bamfiliya mai zafi, shi ya sa ya hau zuwa Antakiya ta Bisidiya inda iska ta ke da sanyi. Waɗansu sun ce ciwon ido ne, domin maganar ido da ke aya ta 15. Ko wanne ne, hanyar daga bakin teku zuwa Antakiya ta fi mil 100, ta ratsa duwatsun Torus, garin kuwa yana bisa tudu mai tsayin ƙafa wajen 3,600. Ta wurin ciwon mutum ɗaya bishara ta shiga ƙasar Galatiya.

A Listira aka jejjefe shi da duwatsu, aka ja shi bayan gari a na zaton ya mutu. Kashegari ya kama hanyar Darba tare da Barnaba, tafiyar mil wajen 60 (Ayyukan Manzanni 14:19-20). Ya kuma yi maganar wata ƙaya a jikinsa, wadda ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa. Ba a cire ba. Amsar da ya samu ita ce ayar haddacewarmu ta yau: alherin Ubangiji ya ishe shi, a cikin rashin ƙarfi ne kuwa ikon Allah ya ke cika.

Wannan Bulus ɗin ne ya ɗora hannu a kan uban Babiliyas a tsibirin Malita, mai fama da zazzaɓi da atuni, ya warke (Ayyukan Manzanni 28:8). Amma sa'ad da ya ke ba da labarin warkewar Abafroditus bai ambaci wata al'ajibi ba. Cewa ya yi Allah ya ji tausayinsa, ya kuma ji tausayin Bulus kansa, domin kada baƙin ciki ya taru masa a kan baƙin ciki. Manzon bai ɓoye ba cewa da abokinsa ya mutu, da ya yi kuka. Daga nan mu ke koyon cewa warkarwa jinƙai ce daga hannun Allah. Ba bashi ba ce da mu ke bin sa, ba kuwa iko ba ne da wani mutum ya ke riƙe da shi a aljihu, ya fitar sa'ad da ya ga dama. Mu roƙa da gaba gaɗi, gama an umarce mu (Yakubu 5:14-16), amma amsar tana ga Ubangiji.

5. JIMREWA DABAM, TAURIN KAI DABAM

A nan akwai rami a kowane gefen hanya. Wani da ciwo ya taɓa shi kaɗan sai ya ajiye aikin Ubangiji, ya ce ai Allah ya rufe ƙofa. Wani kuma ya ƙi magani, ya ƙi hutu, yana cewa bangaskiya ce, har ya hallaka kansa ya bar mata da 'ya'ya cikin wahala. Littafi bai yabi ko ɗaya daga cikinsu ba.

Mu duba yadda Bulus ya yi da abokan aikinsa. Tarofimas ya yi ciwo a hanya, ya bar shi a Militas (2 Timothawus 4:20), bai ja shi dole ba. Timothawus yana fama da ciwon ciki da yawan laulayi, ya ba shi shawarar magani irin na zamaninsu (1 Timothawus 5:23). Luka likita ne, Bulus kuwa ya kira shi ƙaunatacce (Kolosiyawa 4:14). Abafroditus kansa, da ya sami sauƙi, Bulus ya ga wajibi ne ya mai da shi gida, ko da shi ke yana bukatar mai yi masa hidima a cikin sarƙa.

Mu tuna da Iliya kuma. Sa'ad da ya gudu daga Yezebel ya kwanta a gindin itace a jeji, ya roƙi mutuwa. Mala'ikan Ubangiji bai tsauta masa ba. Ya ba shi gurasa da ruwa, ya bar shi ya sake barci, ya sake ciyar da shi, domin tafiyar ta fi ƙarfinsa. Bayan haka ne ya yi tafiyar kwana 40 zuwa Horeb (1 Sarakuna 19:4-8). Allah da ya yi jikin mutum ya san iyakarsa.

Saboda haka mai bi da ya rataya gidan sauro, ya tafasa ruwan sha, ya tafi asibiti da wuri, ya shanye maganinsa har ƙarshe yadda likita ya faɗa, bai rage kome daga bangaskiyarsa ba. Yana kiyaye jakin da zai kai kayan Ubangijinsa ne. Abin da aka hana mu shi ne neman taimako wurin boka da masu tsafi, gama wannan juya wa Allah baya ne. Jarabar nan ta fi ƙarfi sa'ad da ciwo ya daɗe, dangi kuma suna matsa wa mutum lamba. A nan ne a ke gane mai jimrewa.

To, mene ne jimrewa? Ita ce mutum ya riƙe amanar da Ubangiji ya ba shi, ya ci gaba da ita gwargwadon ƙarfin da ya ke da shi yau. Mai doguwar tafiya ba ya taka mil 700 a rana ɗaya, zango ɗaya ya ke fuskanta. Ran da ƙafa ta kumbura ya yi rabin zango, ran da masassara ta kayar da shi ya kwanta, amma fuskarsa tana wajen da aka aike shi. Sannu ba ta hana zuwa.

6. YADDA A KE KARƁAR WANDA YA KOMO

Don me Bulus ya tsawaita yabon mutumin nan? Ya ba shi suna biyar a aya ɗaya: ɗan'uwa, abokin aiki, abokin yaƙi, manzon ikkilisiya, da mai hidima. Sa'an nan ya umarta a karɓe shi da dukan farin ciki. Bulus ya san halin 'yan Adam. An aiki mutum ya zauna wurin manzo ya yi masa hidima, ga shi ya komo da wuri, a rame, manzon kuwa yana ɗaure har yanzu. Ba za a rasa mai raɗa ba cewa ya kāsa. Bulus ya toshe bakin masu tsegumi tun kafin su buɗe, ya bayyana cewa shi ne ya aiko shi.

Akwai misalin wannan a tarihin bishara a Nijeriya. Ran 4 ga Disamba, 1893, samari uku suka sauka a Ikko da nufin kai bishara cikin ƙasar Sudan, watau Walter Gowans, da Thomas Kent, da Rowland Bingham. Babu wanda ya kai shekara 30 a cikinsu. Zazzaɓi ya kayar da Bingham, ya tsaya a bakin teku, biyun suka nausa arewa. Kafin shekara ta 1894 ta ƙare, Gowans ya rasu a Girku, Kent kuma a Bida. Bingham ya koma Kanada ba tare da ko mutum ɗaya da ya tuba ba. Ya sake zuwa a shekara ta 1900, ciwo ya sake mai da shi gida. Ga idon mutane, wannan ya kāsa har sau biyu. Amma bai saki amanar ba. Ya tara waɗansu ya aiko, a shekara ta 1902 aka kafa tashar farko a Patigi a bakin Kwara. Ya bi da aikin daga gida har rasuwarsa a 1942. Daga aikin nan ne ikkilisiyar ECWA ta tashi a 1954.

Biyu sun mutu a hanya, ɗaya ya koma da ciwo, dukansu kuwa bayi ne masu aminci. Tare da su akwai masu bishara 'yan ƙasa masu yawa, waɗanda suka taka sawu daga ƙauye zuwa ƙauye da Littafi a jaka, sunayensu ba su shiga takarda ba, amma suna rubuce a sama.

KAMMALAWA

Ga mai ciwo, darasin nan yana cewa: kwanciyarka ba shaida ba ce cewa Ubangiji ya yashe ka. Ka faɗa masa baƙin cikinka a fili, ka sha maganinka, ka yi zangon yau. In ba ka iya tafiya ba, kana iya yin addu'a domin masu tafiya, wannan ma aiki ne.

Ga ikkilisiya kuma yana cewa: wanda kuka aika, nauyinsa yana wuyanku. Ku ba shi guzuri isasshe, ku riƙa neman labarinsa, in ya yi ciwo ku biya kuɗin magani, ku lura da iyalinsa. In ya komo da rauni ku tarye shi da murna, ku ba shi wurin zama na daraja. Duniya tana girmama mai ƙarfi da mai dukiya, amma an umarce mu mu girmama masu kasai da ransu saboda Kristi.

Wasiƙar nan da mu ke karantawa yau, bisa ga dukan alamu a hannun Abafroditus ta tafi Filibi. Mutumin da ya tashi daga bakin kabari ya sake ɗaura takalmi, ya sake taka mil 700. Da ya ƙi, da ikkilisiyar Kristi ta yi babbar hasara.

TAMBAYOYI

1. Don me Bulus ya ke bukatar gudummawar Filibiyawa a Roma?
2. Ku faɗi hatsarori uku da ke cikin hanyar da Abafroditus ya bi.
3. Wace amsa za mu ba wanda ya ce mai bi na gaskiya ba ya ciwo? Ku kawo misali uku daga darasin.
4. Mene ne bambancin jimrewa da taurin kai? Yaya Bulus ya yi da Tarofimas da Timothawus?
5. Ku kwatanta Filibiyawa 2:8 da 2:30. Ta wace hanya Abafroditus ya bi gurbin Ubangijinsa?
6. Wane ne a ikkilisiyarku ya daɗe a kwance, ko ya komo daga aikin bishara da ciwo? Me za ku yi masa a makon nan, wa kuma zai je?

ADDU'A

Ya Ubangiji Allahnmu, kai da ka ji tausayin Abafroditus, ka dubi bayinka da ke kwance, da waɗanda ke kan hanya saboda sunanka. Ka warkar bisa ga jinƙanka. Inda ka ga dama ka jinkirta, ka ba da alheri isasshe domin kowace rana. Ka koya mana mu ɗauki nauyin juna, har mu kai ƙarshen tafiyarmu da aminci. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.